Aron Ƙafa

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gida da yamma, nan wajen Rijiyar Zaki, sai na ji wani sauti daga bayan katangar maƙwabta. Ƙwas! Ba wata ƙara ba ce mai yawa, amma sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Na leƙa, ashe wani yaro ne ya gama gwaguyar goruba, ya cilla ƙodagon sama ya make shi da guntun katako. Shi ko a jikinsa, ya wuce abinsa. Ni kuwa na koma na zauna, shayin ya huce ban sani ba. Idan ka taɓa jin busasshen ice ya haɗu da ƙodagon goruba a daidai tsakiya, ka san sauti ne da ba ya kama da wani. Da shi na tashi, kuma akwai mutum biyu da ba na iya jinsa ban tuna su ba: yayana da kakanmu.

Ƙauyenmu yana ƙasar Tofa, kuma wanda bai san wajen ba zai yi mamaki in na ce masa mun tashi ba mu da filin wasa. A wajenmu babu daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, tsakaninsu ɗan layin gamba ne ko na lalle, sai ɗorawa da kuka da gawo jefi-jefi, kowace bishiya da mai ita. Da damina, hanyar rijiya ma sai kana ture ganyen dawa da kafaɗa. Yaro ba shi da inda zai yi gudu ya miƙe ƙafa. Shi ya sa muke ɗokin lokacin girbi fiye da yadda muke ɗokin salla. Da an yanke dawa, an ɗaure dami, an kwashe kara, sai duniya ta buɗe. Ka tsaya a ƙofar gida ka hango rumbunan wata unguwar da ka yi watanni ba ka gani ba. Iska tana ɗauke da ƙamshin harawa da hayaƙin gyaɗar da ake gasawa a gona. A lokacin ne ake sauko da gora daga kan danga.

Sunan wasan a wajenmu buga-ka-ruga, kuma ban taɓa ganinsa a ko'ina ba sai a unguwanninmu huɗu da ke kusa da juna. Wasu sun ce wani malamin firamare ne ya zo da shi tun da can. Kakanmu kuwa, wanda kowa ke kira Tsoho, cewa ya yi shi ya gano irinsa a yawon cin rani, ya dawo ya gyara shi daidai da gonakinmu. Ƙwallon ƙodagon goruba ne da aka naɗe da tsumma aka ɗinke. Gorar kuwa sanda ce mai kauri ta icen kanya. Ana tara kara wuri uku a kewaye, kowane tari sunansa zango, inda mai bugu yake tsayawa kuma shi ne gida. Ɗan wancan ɓangare ya jefo maka ƙwallo, ka buga, ka yar da gora ka ruga. Idan ka kewaye zangon nan uku ka dawo gida, kun ci ɗaya. In ka ga ba za ka kai ba, sai ka tsaya a zango ka jira na bayanka ya buga. Amma in aka cafe ƙwallonka a sama, ko aka taɓa ka da shi kana tsakanin zango da zango, ko ya riga ka isa hannun mai tsaron gida, sai alƙali ya ce, "Ya mutu." Haka ake faɗa, kuma ba wanda ya taɓa jin nauyin kalmar.

Tsoho ne alƙalin gasar unguwannin huɗu, shekara da shekaru. Ranar da za a buɗe ta, da hantsi, dattawa sukan zauna a gindin wata babbar ɗorawa da ke bakin gonarsa, yara kuma mu tsuguna a gabansu. Sai ya miƙe ya dogara sandarsa ya faɗi dokoki da ka. A jikin ɗorawar akwai wani tsagi da aka yi da gatari. Duk wanda kansa ya wuce tsagin nan ya zama saurayi, ya je ya nemi kokawa. Ba a jifan mai gudu da ƙwallo, sai dai a taɓa shi da ƙwallon yana hannu, domin an taɓa yin yaron da ya rasa ido. Wanda ya zagi iyayen wani ya gama wasan ranar. Idan ƙwallo ya faɗa gonar rogon da ke gabas, wadda ba a cire ba, mutum ɗaya ne zai shiga, kuma ta kwari zai bi, kada ya taka kunya. Da an kira la'asar a ajiye gora ko da hannu ya riga ya ɗaga. In ya gama, kullum da magana ɗaya yake rufewa.

"Abin da aka faɗa a gindin bishiyar nan shi ne doka. Abin da ba a faɗa ba, ko ni na zo muku da shi gobe, kada ku karɓa."

Dattawa su ce sun ji sun yarda, a shafa fatiha, a watse.

Yayana shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Yana ɗan shekara uku zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi ƙafafunsa ba su tashi tare da shi ba. Shan inna ne. Ni da na zo bayansa ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Da hannu yake tafiya, yana riƙe da wasu katakai biyu masu mariƙi da Baba ya sa aka sassaƙa masa, gwiwoyinsa kuma an ɗaure su da guntayen taya. Innarmu tana kunyarsa irin ta ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama da shi a gaban mutane, don haka a wajen kakanninmu ya girma. Shi da Tsoho ɗaki ɗaya suke kwana, akushi ɗaya suke ci, kuma daga safe zuwa dare cikin tsokanar juna suke. Tsoho ya ce masa ɓarawon fura, shi kuma ya ce wa Tsoho mai kan ƙwarya, su yi ta gardamar wanda kakarmu ta fi so a cikinsu.

Abin da Allah ya rage masa a ƙafa, sai ya zuba masa a kafaɗa. Yana ɗan yaro amma damtsensa kamar na mai sussuka. Tun kafin a yarda ya shiga wasa yakan zauna a bayan gida yana dukan ƙodago shi kaɗai, ni ina tsinto masa. Wata rana Tsoho ya tsaya yana kallonmu, ya ga ƙodagon ya tsallake rumbu ya tsallake dangar maƙwabta. Da yamma da yaran unguwarmu suka taru, sai ya ce daga yau akwai abin da ake kira aron ƙafa: wanda Allah bai ba ikon gudu ba zai buga daga zaune, ɗan'uwansa ya tsaya a gefensa, da ƙwallo ya tashi shi ya ruga a madadinsa. Haka na zama ƙafafun yayana. Shi ya buga, ni in gudu. Idan na dawo gida, ba sunana ake kira ba, nasa ake kira, kuma wallahi ban taɓa jin haushin haka ba. Shi ake sawa na ƙarshe a layin bugu, domin bugunsa ne ke kwaso duk waɗanda suka maƙale a zango. In kuma mu ke tsaro, shi ne mai tsaron gida, yana zaune dirshan, ƙwallo ba ya wuce hannunsa.

Shekarar da nake ba ka labari ita ce ta farko da aka sa mu cikin gasar unguwanni. Ranar buɗewa Tsoho ya faɗi dokokinsa kamar kullum. Ina tsugune kusa da Yaya, ina jira in ji ya ambaci aron ƙafa. Na ga ya dubi inda muke, ya buɗe baki ya rufe, sannan ya wuce zuwa maganar la'asar. A lokacin ban ɗauki abin da muhimmanci ba.

Mun kara da unguwa ta farko mun cinye su, ba wanda ya ce uffan da ya ga na tsaya a gefen Yaya. Sai ya rage mu da 'yan ƙetaren rafi, waɗanda su ma suka ci nasu wasan. Abin da ake ba wanda ya yi nasara dami ne na rake da babbar ƙwaryar fura, amma ba don su ake yi ba. Don a shekara ana faɗa ake yi. Ranar wasan ƙarshe gonar Tsoho ta cika. 'Yan mata sun zo da tallan gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tsofaffin mata sun shimfiɗa tabarmi a inuwa, samari sun hau kan gawo.

Ba a kai ga fara jifa ba sai sarkin samarin ƙetare, wanda shi ke kula da yaransu, ya zo gaban Tsoho ya durƙusa. Ba mutumin banza ba ne, kuma da ladabi ya yi magana.

"Baba, a gafarce ni. Yaron nan ya fi kowa bugu, ƙaninsa ya fi kowa gudu. An haɗa mana mutum biyu an ce ɗaya ne. Ni dai ina gindin ɗorawa ranar nan, ban ji an faɗi wannan ba."

Mutanenmu suka fara gunaguni, wani ya ce wannan ai rashin imani ne. Tsoho ya ɗaga sanda suka yi shiru. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Har yau ina ganin yadda yake murza kan sandar da babban yatsa.

"Gaskiyarka," ya ce. "Ba a faɗa ba."

Sannan ya juyo wajen Yaya, da muryar da ban san shi da ita ba, ya ce yana iya tsaron gida kamar kullum, amma in layin bugu ya zo kansa, ko dai ya haƙura, ko kuma wanda ya buga shi zai kewaya. Na dubi Yaya ina jiran ya yi kuka ko ya yi fushi ya tafi gida. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dai ce, "Na ji," bai ɗaga kai ba.

Su suka fara bugu, suka tara abin da suka tara. Muka shiga, muna bin su a baya a hankali. Rana ta karkata, inuwar ɗorawa ta miƙe har tsakiyar fili, kowa yana sauraron masallaci. Da layi ya zo ƙarshe suna gabanmu da biyu, ni kuma ina tsaye a zango na uku, na buga nawa na maƙale. Ba wanda ya rage sai Yaya. In ya haƙura, an cinye mu. In ya buga na shigo gida, saura ɗaya, kuma ɗayan nan shi ne da kansa, domin na ƙarshe ba shi da wanda zai jira a zango. Sai na hango shi ya jawo jiki zuwa gida, ya ajiye katakansa a gefe, ya karɓi gora.

Jifa ta farko ya bari ta wuce. Ta biyu ya haɗa ta. Ban taɓa jin bugu irin wannan ba, kafin ranar da bayanta. Ƙwallon ya tashi ya bi ta saman gawo, samarin da ke kai suka sunkuya, ya faɗa can cikin gonar rogo. Na ruga na shigo gida. Da na juyo, Yaya ya riga ya kama hanya. Bai tsaya ɗaukar katakan ba. Da tafin hannu yake tafiya, a gonar da aka yanke dawa, tushiya tsaye kamar ƙusoshi, ƙarangiya ko'ina. Yana cilla hannuwa gaba, jikinsa yana biyowa, ƙafafun suna jan ƙasa a baya. Ɗaurin gwiwarsa ɗaya ya kwance tun kafin zango na farko, ya bar shi a nan.

Yaro ɗaya ne ya shiga rogon, ta kwari, kamar yadda doka ta ce, yana ta laluben ƙwallo. Yaya ya taɓa zango na farko ya wuce. Ya taɓa na biyu. Da farko ihu ake yi, daga baya ihun ya mutu, ba ka jin komai sai numfashinsa da sautin jikinsa a kan ƙasa. Na ga wata tsohuwa daga ƙetare ta miƙe tsaye ta ɗora hannu a ka. Yana barin zango na uku yaron ya fito daga rogo da ƙwallo, ya jefa wa na tsakiya, na tsakiya ya juyo ya jefo gida. Ina tsaye a wurin, Tsoho yana gefena. Na ga fuskar Yaya ta yi fari da ƙasa, bakinsa a buɗe, na ga ya miƙo hannu. Na kuma ji ƙwallon ya faɗa tafin mai tsaron gida, sannan hannun Yaya ya sauka.

Fili ya ɓarke. Namu da nasu duk abu ɗaya suke faɗa: ya iso, ya iso! Mai tsaron gidan ma, wani ɗan siririn yaro, ya ɓoye ƙwallon a bayansa kamar wanda ya yi sata. Sarkin samarin ƙetare ya taho da gudu yana cewa, "Baba, a bar masa, wallahi mun yafe, a bar masa." Yaya yana kwance rub da ciki, ya ɗago kai, ba ya kallon kowa sai Tsoho.

Tsoho ya ce, "Ya mutu."

A hankali ya faɗa, amma kowa ya ji. Ba a jima ba aka kira la'asar.

'Yan ƙetare suka ɗauki rakensu suka tafi ba kiɗa ba guɗa. Tsoho ya sunkuya zai ɗauki Yaya, Yaya ya kauce. A kan jakin maƙwabcinmu muka kai shi gida. Tafin hannunsa duk ya tsattsage, ƙaya ta cika shi, gwiwar da ɗaurinta ya kwance ta saɓule. Tsoho ya ɗauko matsefatar cire ƙaya ya zauna kusa da shi, Yaya ya tura hannuwansa cikin hammata. Kakarmu ce ta karɓa ta cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta shafa masa man kaɗanya, tana yi tana faɗa da mijinta ba tare da ta dube shi ba. Innarmu tana bakin murhu ta ba mu baya. Na ga ta daɗe tana hura wutar da ta riga ta kama.

Washegari da safe na kai wa kakarmu itace, na ji tana tambayarsa abin da ya hana shi faɗin dokar tun ranar buɗewa. Ya ce, "Na buɗe baki zan faɗa, sai na gan shi zaune yana kallona. Na ji nauyin in ambaci ƙafafunsa a gaban mutanen unguwa huɗu. Na ɗauka ina rufa masa asiri ne."

Kwana da kwanaki gidan ba daɗi. Yaya yana gaishe da Tsoho, Tsoho yana amsawa, shi ke nan. Ba ɓarawon fura, ba mai kan ƙwarya. Mutanen unguwa ma sun ɗan ja baya da Tsoho. A masallaci wani ya ce masa alƙalanci ba ya hana tausayi. Ni kaina na ƙi zuwa aikensa sai an tilasta mini.

Sai wata rana da hantsi, hannuwan sun fara warkewa, muna zaune a zaure Tsoho yana tufkar igiya, Yaya ya yi magana ba tare da ya dube shi ba.

"Tsoho, da nawa ya riga ni?"

Tsoho ya ajiye igiyar. Ya buɗe babban yatsa da na tsakiya ya dafa a ƙasa. Taƙi ɗaya.

Yaya ya daɗe yana kallon wurin. Ya sa nasa hannun ya auna. Sai ya ce, "Da na tsaya na ɗauki katakaina, da na riga shi."

"Da ka riga shi," in ji Tsoho.

"Baɗi ko ka faɗi dokar, ba na aron ƙafar kowa, mai kan ƙwarya."

Tsoho ya sunkuyar da kai yana dariya, yana goge ido da bakin rawaninsa. Daga ranar, kullum da safe kafin makarantar allo, sai Yaya ya sa in tara masa kara wuri uku a bayan gida, ya yi ta kewayawa. Ya sa aka sake masa ɗaurin gwiwa mai ƙarfi, ya kuma koyi yadda zai rataya katakan a wuyan hannu don kada ya sake barinsu. Tsoho yakan zauna a kan turmi yana kallo, yana ce masa ya rage faɗin kwana. A lokacin na ɗan ji zafin an sallame ni daga aikina. Sai da na girma na gane abin da ya samu a ranar nan. Duk rayuwarsa ana ɗaga masa ƙafa, ana cewa a bar masa. Mutum ɗaya ne ya auna shi da ma'aunin da ake auna kowa, kuma ya gaya masa gaskiyar abin da ya rage.

Bai kai baɗin ba. Da bazara ta yi tsanani, zafi ya hana barci, sanƙarau ya shigo unguwanninmu. Ya ɗauki yara a gidaje da dama. Yaya ya kwanta da ciwon kai ranar wata Laraba, wuyansa ya sandare, kafin a samu motar da za ta kai shi asibiti ya daina gane mutane. A cinyar Tsoho ya cika. Da aka fito da shi, makarar ba ta da nauyi, mutum biyu ma sun isa. Innarmu, wadda ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ranar na ji ta kira shi sau ɗaya daga cikin ɗaki, da ƙarfi, sannan mata suka rufe ta.

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka sake taruwa a gindin ɗorawa. Tsoho ya rame, sandar da da yake riƙewa don ado yanzu ita ke riƙe da shi. Ya faɗi dokoki har ya kusa rufewa, sai sarkin samarin ƙetare ya miƙe ya ce, "Baba, saura ɗaya." Tsoho ya dube shi. Sannan ya faɗi dokar aron ƙafa tun daga farko har ƙarshe, a gaban unguwa huɗu, alhali a cikin yaran da ke tsugune babu mai bukatarta. Dattawa suka ce sun ji sun yarda. Tun daga shekarar ba a sake buɗe gasa ba a faɗe ta ba. Ya ci gaba da alƙalanci 'yan shekarun da suka rage masa, amma bai ƙara furta kalmar nan ta "ya mutu" ba. In yaro ya fita, sai dai ya ɗaga sanda ya nuna masa inuwa.

Wasan bai daɗe ba bayan rasuwarsa. Ƙwallon ƙafa ya shigo, samari suka fara tafiya birni da an gama girbi, gonar kuma aka raba ta gado, aka sake rabawa. Yanzu birni ya matso, rabinta fulotai ne an kafa musu duwatsu, wani ya zuba bulo a daidai inda gidan wasan yake. Bara da na je gaisuwa bayan girbi, na tara jikokin gidanmu da na maƙwabta a filin makarantar firamare, na ce zan koya musu wasan da muka yi muna yara. Sun taru don ganin girmana. Na tsaya a gabansu ina faɗin dokoki, na yi mamakin yadda suke zuwa bakina ba tare da na nema ba. Da na zo kan aron ƙafa, wata 'yar ƙanina ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Baba, wa zai ari ƙafa? Ai kowa yana da tasa."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiyarta. Dukansu a tsaye suke, ƙafafu biyu-biyu, masu ƙura, masu kaushi, lafiyayyu. Tun da aka dage da ɗigon rigakafi, an daɗe ba a ga yaro yana rarrafe a unguwarmu ba. Na yi wa Allah godiya a zuciyata. Na ce su dai riƙe ta, doka ce. Suka buga na ɗan lokaci don su faranta mini, sannan wani ya fito da ƙwallon roba, suka bi shi suka bar ni a tsaye.

Ban ji haushinsu ba, kowane yaro da wasan zamaninsa. Na zauna a kan dakalin aji har rana ta yi sanyi. Yau na ninka shekarun yayana sau da yawa, furfura ta cika mini kai, gwiwoyina sun fara ƙin hawa mataki, na kusa kamo Tsoho. Amma duk ranar da na yi mafarkinsa, shi ne babba, ni ne ƙarami, ina tsaye a gefensa ina jiran ya buga.